Tambaya da Amsa: Wane Baka Mai Gargare Ya Dace da Mafarauci Mai Ƙaramin Ƙarfi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina sha'awar farauta da baka, kuma a bana na ƙudura niyyar sayen irin bakan nan na zamani mai gargare a kowane ƙarshe. Damuwata ita ce kuɗin da na tara ba su taka kara sun karya ba, kuma duk tallar da na duba sai in tarar an jera lambobin da ban san kansu ba. Akwai wani mai nauyin ja laba 70 wanda aka ce yana jefa kibiya ƙafa 330 a daƙiƙa ɗaya, abokina ya ce shi ne bakan maza, in ƙara haƙuri in tara kuɗinsa. Akwai kuma wani mai sauƙin kuɗi wanda ake iya rage masa ƙarfi ko a ƙara, kuma yana zuwa da kayan haɗinsa. Ni mutum ne matsakaicin tsawo, ban taɓa harbi da irin wannan baka ba, kuma abin da nake son farauta bai wuce barewa da makamantanta ba. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ɗauki na biyun, muddin ya fito daga kamfanin da aka sani kuma ya yi daidai da jikinka, sannan abin da ya rage a hannunka ka zuba shi a kan kibau masu kyau da ladan gwanin da zai daidaita maka bakan. Wannan ita ce amsar a taƙaice, amma ba na so ka karɓe ta don kawai ni na faɗa, saboda haka bari in warware maka dalilai.

Wannan baka ƙirƙirar wani Ba'amurke ne mai suna Holless Wilbur Allen daga jihar Mizuri, wanda ya nemi rajistar fasaharsa a 1966 aka ba shi a 1969. Abin da ya gano shi ne, idan aka ɗaura tsarkiya a kan gargaren da sandar juyawarsa ba a tsakiyarsa take ba, to nauyin ja zai hau ya kai ƙololuwa tun ana tsakiyar ja, daga nan ya faɗi ƙasa sosai kafin hannu ya iso kunci. Wannan faɗuwar ita muke kira sassauci, kuma a yawancin bakunan farauta na yau tana kaiwa kashi 75 zuwa 85 cikin ɗari. Ma'ana, bakan da ke da nauyin ja laba 60, wato kusan kilo 27, idan sassaucinsa kashi 80 ne, laba 12 kacal kake riƙe da ita bayan ka gama ja, abin da bai kai kilo shida ba. Shi ya sa mafarauci zai iya jan baka ya tsaya cik yana jira dabba ta fito daga bayan itace, abin da ke da matuƙar wuya da bakan gargajiya, inda nauyi ke ƙaruwa da kowane inci har hannu ya fara rawa. Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan fa'ida tana cikin bakan mai araha kamar yadda take cikin mai tsada. Abin da ƙarin kuɗi ke saya maka shi ne ƙarin sauri kaɗan, raguwar ƙara da girgiza a hannu, da kyan gani. Duk abubuwa ne masu daɗi, amma babu ɗaya daga cikinsu da ke raba tsakanin wanda ya sami barewa da wanda ya rasa ta a nisan mita ashirin.

Abu na farko da za ka sani kafin ka duba kowace talla shi ne tsawon janka. Bakan gargajiya yana bin mai shi, in ka ja shi da nisa ya bi ka, in ka tsaya kusa ya tsaya. Mai gargare ba haka yake ba, yana da wurin tsayawa guda wanda ake kira bango, kuma idan ka iso nan tsarkiya ba za ta ƙara motsi ba. Idan bangon ya yi maka nisa, za ka miƙe hannun da ke riƙe da baka har gwiwar hannu ta sandare, tsarkiya ta riƙa zane maka damtse, kanka kuma ya koma baya yana neman inda zai leƙa. Idan ya yi maka kusa, za ka takure, saitinka ya riƙa yawo. Hanyar kintace mai sauƙi ita ce ka tsaya ka buɗe hannuwanka biyu ba tare da ka yi miƙa ba, wani ya auna daga kan ɗan yatsanka na tsakiya na dama zuwa na hagu, a raba abin da aka samu da biyu da rabi. Wanda faɗin hannuwansa ya kai santimita 175, wato kusan inci 69, tsawon jansa zai kama inci 27 da rabi. Wannan kintace ne kawai, sai ka riƙe baka a hannu za a tabbatar, kuma in an rasa yadda za a yi, gara ya gaza da rabin inci da ya zarce da rabin inci.

A nan ne bakan da ka kira mai sauƙin kuɗi ya yi wa ɗayan fintinkau a wurin sabon shiga. Bakuna irin su Diamond Infinite Edge Pro da Bear Cruzer G2 an ƙera su ne ta yadda za a iya sauya nauyin jansu tun daga laba 5 har zuwa 70, tsawon ja kuma daga wajen inci 12 ko 13 har zuwa 30 ko 31, kuma ana yin wannan sauyi da ɗan mabuɗin kusoshi ba tare da an sa bakan a injin matsewa ba, wato injin da ke lanƙwasa rassan baka don tsarkiya ta saki. Na ambaci waɗannan biyun ne don su zama misali, akwai makamantansu daga kamfanonin PSE da Mission da sauransu. Shi kuwa bakan laba 70 da abokinka ya yaba, galibin irinsa laba goma kawai ake iya rage musu, wato daga 70 zuwa 60, wasunsu kuma sai an sayi wani ƙarfe dabam an sauya a jikin gargaren kafin tsawon ja ya canja. In ka saye shi ka tarar ya fi ƙarfinka, babu inda za ka gudu.

Maganar nauyin ja ita ce wurin da na fi ganin mutane suna cutar kansu, saboda haka zan ɗan daɗe a kanta. Na taɓa tsayawa a bayan wani saurayi ƙaƙƙarfa a filin gwaji, ya ɗauko baka mai laba 70 da ya saya a makon. Kafin ya iya jansa sai da ya ɗaga shi sama yana fuskantar gajimare, ya cije leɓe, ya turo ƙirji, jijiyar wuyansa ta miƙe, sannan ya sauko da shi a hankali zuwa abin bara. Kibiya biyar ya harba, a ta shida kafaɗarsa ta ƙi. Ka auna wannan a daji: mutum ya yi awa biyu a tsugune cikin sanyin asuba, jiki ya yi tsami, zuciya na bugawa, barewa tana kiwo a gabansa kunnuwanta a tsaye. Duk wannan ɗage-ɗagen da turo ƙirji dabba za ta gani tun kafin a kai rabin ja. Banda haka, jan baka ana fuskantar sama ganganci ne, domin in tsarkiya ta kuɓuce babu wanda ya san inda kibiyar za ta sauka. Gwajin da nake ba kowa shi ne ka zauna a kan kujera, ka ɗan ɗaga ƙafafunka daga ƙasa, ka miƙa bakan saitin abin bara, ka ja shi a hankali kai tsaye zuwa kuncinka. In ba za ka iya yin haka sau da yawa a jere ba tare da fizga ba, nauyin ya yi maka yawa, komai girman damtsenka. Jan baka aikin naman baya ne da na kafaɗa, naman da mafi yawanmu ba mu saba sa shi aiki ta wannan fuska ba, don haka ka fara daga laba 35 ko 40, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan duk bayan 'yan makonni. Ga dabba mai girman barewa, laba 45 zuwa 55 tare da kibiya mai nauyi da kai mai kaifi sun wadatar ƙwarai. Jihohin Amurka da dama da suka kafa mafi ƙarancin nauyin ja don farautar irin wannan dabba sun tsayar da shi ne tsakanin laba 30 da 40, ka ga ke nan 70 ba sharaɗi ba ce.

Sai lambar saurin da ta ɗauki hankalinka. Wannan ƙafa 330 ba ƙarya ba ce, amma an same ta ne a ƙarƙashin wani ma'auni da ake kira IBO, inda ake gwada baka a nauyin ja laba 70, tsawon ja inci 30, da kibiya mara nauyi mai giren 350 (giren ma'aunin nauyin kibiya ne), wato ƙasa da giram 23, kuma tsarkiyar ba ta ɗauke da komai. Kai kuwa ba haka za ka yi harbi ba. Duk incin da ka rage a tsawon ja yana cinye kusan ƙafa goma a daƙiƙa, rage nauyin ja yana cin nasa, kibiyar farauta ta gaskiya kuma takan kai giren 400 zuwa 450. In aka haɗa waɗannan, bakan da aka rubuta wa 320 ko 330, a hannun mai tsawon ja inci 28 da laba 55, zai dawo wajen ƙafa 250 ne, wato mita 75 ko 80 a daƙiƙa. Sauti kuma yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa. Duk bakan da ke duniya, ƙarar tsarkiyarsa tana riga kibiyarsa isa kunnen dabba, shi ya sa barewa kan durƙusa don ta zabura, kibiya ta wuce ta saman bayanta ko ta same ta a inda bai kamata ba. Ƙarin ƙafa ashirin a daƙiƙa ba ya magance wannan. Abin da ke rage shi shi ne baka mara ƙara, kibiya mai ɗan nauyi wadda ke shanye girgiza, matsowa kusa, da harbin dabbar da hankalinta ke kwance. Kuma kada ka manta, saurin nan biyansa ake yi: bakan da aka ƙera don gudu yana da gargare mai tsauri wanda ke riƙe ka a ƙololuwar nauyi na tsawon lokaci, kuma da ka ɗan saki jiki a bango sai ya nemi fizge maka hannu.

Akwai wasu lambobi biyu a tallar da suka fi ta sauri amfani a gare ka. Ta farko ita ce tazarar da ke tsakanin mariƙi da tsarkiya lokacin da baka ke hutawa. In ta kai inci bakwai, kibiya tana rabuwa da tsarkiya da wuri, don haka ƙaramin kuskuren hannu ba ya bin ta sosai. In ta sauko inci shida ko ƙasa, sauri na ƙaruwa amma bakan ba ya yafiya. Ta biyu ita ce tsawon bakan daga sandar gargare zuwa sandar gargare. Tsakanin inci 30 da 33 ya dace da farauta, domin gajere ya fi sauƙin shiga da shi sarƙaƙiya, dogo kuma ya fi tsayawa daram a hannu. Batun ko gargare ɗaya ne mai aiki ko biyu, kada ya hana ka barci. Mai guda ɗaya, wanda kamfanin Mathews ya yaɗa tun farkon shekarun 1990, ya fi sauƙin kulawa saboda babu gargare biyu da za a riƙa daidaita juyawarsu, amma kowane iri yana harbi daidai in an saita shi da kyau.

Kayan haɗin da ke zuwa da baka mai araha ba duka ne abin yabo ba, kuma gara ka san wanne za ka riƙe, wanne za ka sauya. Mazaunin kibiya mai zagayen gashi kamar buroshi, irin wanda aka fi sani da Whisker Biscuit, ka riƙe shi hannu biyu: ba shi da abin da ke motsi balle ya lalace, kuma yana riƙe kibiya ko da ka karkata bakan kana rarrafe. Abin saiti mai allura uku ya isa, in dai allurorin ba sa motsi bayan an ɗaure su. Kwarin da ke manne a jikin baka, in yana kaɗawa yana ƙara, a ɗaure shi ko a sauya. Abin da sau da yawa ba ya cikin kunshin, ko kuma ake sa mara kyau, shi ne abin sakin tsarkiya, wato madaurin nan na wuyan hannu mai ɗan baki da kunama. Kada ka yi masa rowa. Gajerun bakunan yau ba a yi su don ja da yatsu ba, kuma abin saki mara inganci yana iya buɗewa kana tsakiyar ja, hannunka ya dawo ya naushi bakinka. Shawarata ita ce kada baka da kayansa su cinye fiye da kashi biyu cikin uku na abin da ka tanada. Sauran na kibau ne, da kawunansu, da abin saki, da abin bara da za ka riƙa koyo a kansa, da ladan wanda zai ɗaura maka 'yar kafar leƙe a tsarkiya daidai da idonka, ya kuma gwada tashin kibiyar ta cikin takarda ya ga ko tana fita a miƙe.

Amma araha iri biyu ce, kuma dole in ja maka kunne a kan ta biyun. Akwai arahar sanannen kamfani wanda ya rage kuɗi ta hanyar zuba gangar bakan a maƙera maimakon sassaƙa ta daga curin alminiyom guda, ya kuma sa kayan haɗi na roba. Wannan araha ce mai mutunci. Akwai kuma bakan da ba shi da suna, ba shi da lambar shaida, ba shi da garanti, ba a kuma san inda za a sami tsarkiyarsa in ta tsinke ba, wanda ake tallarsa a intanet da hotuna masu ƙyalli. Sayen wannan cinikin biri a sama ne. Baka mai gargare ko yana ajiye yana ɗauke da matsi mai yawa a rassansa, kuma in reshe ya tsage ko tsarkiya ta sauka daga gargare lokacin da ka ja shi, a daidai fuskarka abin zai faru. Kafin ka biya, ka tambayi abu uku: wa ya ƙera shi, wa zai gyara shi, kuma a ina ake samun tsarkiyarsa da igiyoyin da ke aiki tare da gargarensa.

Kada kuma ka sayi komai sai ka bincika dokar inda za ka yi farauta, domin ƙasashe sun sha bamban ƙwarai a kan wannan. Birtaniya ta haramta farauta da baka tun 1965, Faransa ta halatta ta a 1995 bisa sharaɗin mutum ya halarci horo, a Amurka kuwa kowace jiha da nata ƙa'idojin game da lasisi, lokacin farauta, nauyin ja da irin kan kibiya. Akwai kuma dabbobin da doka ta kare, waɗanda ba a taɓa su da kowane irin makami.

Dalilin da ya sa na nace a kan dacewa da jiki fiye da ƙarfi shi ne yadda kibiya ke kisa. Harsashi yana bugu, kibiya kuwa yanka take yi. In ta ratsa huhu biyu a bayan kafaɗa, dabba takan faɗi cikin ɗan lokaci kaɗan. In ta sauka a ciki ko a cinya, dabbar za ta shige daji da rauni ta yi ta wahala, mai yiwuwa ba za ka ƙara ganinta ba, kuma alhakin wannan yana wuyan wanda ya saki tsarkiya. Wurin da ake nema a jikin barewa bai fi faɗin tafin hannu biyu ba. Saboda haka nisan da ya halatta gare ka shi ne nisan da kake iya zuba kibiya bayan kibiya a cikin wannan faɗi ba kuskure, a tsaye da a durƙushe, da kayan da za ka sa ranar farauta. Ga mafi yawan masu farawa, bayan watanni na koyo, wannan bai wuce mita 20 zuwa 25 ba. Bakan da kake iya harba kibiya talatin da shi kowace yamma ba tare da kafaɗa ta yi ciwo ba, shi zai kai ka wannan matsayi.

Tambaya: Malam, wani ya yi mini tayin bakansa na hannu. A lokacin da ya fito yana cikin manyan bakunan kamfaninsa, yanzu ya kai shekara bakwai, kuma kuɗin da ya sa masa daidai yake da na sabon baka mai araha. Shin da tsohuwar zuma ake magani, ko in nemi sabo?

Amsa: Ɗan'uwa, tayin yana iya zama alheri, domin babban bakan shekara bakwai da suka wuce har yanzu ya fi yawancin masu araha na bana laushin ja da rashin ƙara. Sai dai sharuɗɗansa suna da yawa, kuma na farkonsu shi ne wanda na faɗa wa mai tambayar da ta gabata: in tsawon jansa bai yi daidai da naka ba, kuma ba a samun ƙarfen da ake sauyawa a gargarensa, to ka bar shi ko da kyauta ne. Ka sani kuma garantin yawancin kamfanoni na mai saye na farko ne kaɗai, ba ya bin baka zuwa hannu na biyu.

In ka je dubawa, ka tafi da ɗan curin auduga a aljihu. Ka fito da bakan cikin hasken rana, ka shafa audugar a hankali a kan kowane reshe, gaba da baya da gefe, musamman kusa da inda reshe ya shiga ganga da kuma inda ya rabu biyu ya rungumi gargare. Tsagar da ido ba ya gani takan kama zaren auduga, kuma in ka ga ko da sili ɗaya ya maƙale, ka duba wurin da kyau. In tsaga ce, cinikin ya ƙare. Daga nan ka riƙe bakan a miƙe ka dube shi ta baya, ka ga ko gargaren yana tsaye daidai da tsarkiya ko ya kwanta gefe guda, ka kuma bi bakinsa da yatsa ko akwai lanƙwasa ko ɓantarewa. Ka duba zaren da aka naɗe tsarkiya da shi a wuraren da take hawa gargare, ko ya buɗe ya bar gibi. Tsarkiya mai ɗan gashi-gashi kaki kawai take so, amma wadda silinta ya tsinke ta gama aiki. A ƙa'ida ana sauya tsarkiya da igiyoyi duk bayan shekara biyu zuwa uku, saboda haka in mai shi bai tuna ranar da ya sauya ba, ka ɗauka sauyawa na kanka ne, ka cire kuɗinta da ladan mai injin matsewa daga farashin.

Sannan ka dubi idonsa ka tambaye shi ko an taɓa sakin tsarkiyar bakan babu kibiya a kai. Wannan shi ne babban abin da ke kashe irin wannan baka, domin ƙarfin da ya kamata kibiya ta tafi da shi sai ya koma cikin rassa da gargare a lokaci guda, kuma ɓarnar takan ɓuya sai daga baya ta bayyana. Ka tambaye shi kuma inda yake ajiye shi, domin zafin cikin motar da aka rufe a rana yana lalata tsarkiya da rassa. In ya yarda ku je wurin gwani tare a duba, alama ce mai kyau. In ya fara hanzari yana cewa wani na jira da kuɗi a hannu, ka bar wa wancan. Wanda bai taɓa riƙe irin wannan baka ba kuma ba shi da masanin da zai raka shi, sabo mai garanti ya fi masa kwanciyar hankali.

Tambaya: Malam, na riga na sayi baka mai laba 50. Zan iya amfani da kowace kibiya da na samu, har da ta itace ko ta kara? Kuma wane kai zan sa mata?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, kada ka kuskura ka ɗora kibiyar itace ko ta kara a kan baka mai gargare. Yadda yake tura kibiya farat ɗaya yana iya farfasa ta tun tana kan baka, tsagin ya shige hannun da ke riƙe da mariƙi. Ta kabon ko ta alminiyom ake amfani da ita, kuma ita ma sai taurinta ya dace da bakanka. Lambobin da kake gani a jikin kibiya, irin su 500, 400, 340 da 300, ma'aunin tauri ne: ana ɗora sandar kibiyar a kan matokarai biyu masu tazarar inci 28, a rataya mata nauyin da ya kusa laba biyu a tsakiya, a auna yadda ta lanƙwasa. Saboda haka ƙaramar lamba ita ce mafi tauri. Ga laba 50 da matsakaicin tsawon ja, 400 ce aka fi dacewa da ita, amma tsawon kibiyar da nauyin kanta suna sauya lissafin, don haka ka duba jadawalin kamfanin da ya yi ta. Nauyinta gaba ɗaya kada ya gaza giren biyar ga kowace laba, wato 250 a bakanka, domin abin da ya gaza haka ya kusa zama sakin tsarkiya babu kibiya; don farauta kuwa ka nemi wajen 400 ko sama da haka.

Game da kai, a laba 50 na fi son kafaffen kai mai wuƙa biyu ko uku, mai nauyin giren 100 ko 125, a kan irin wanda wuƙaƙensa ke buɗewa bayan ya taɓa dabba, domin buɗewar tana cin wani kaso na ƙarfin da kake buƙata don ratsawa. Ka yi koyo da kai mara kaifi mai nauyi ɗaya da na farautar, amma kafin ka fita daji ka ware kan farauta guda ka harba shi a abin bara, don ka tabbatar yana sauka inda na koyo ke sauka. Wanda za ka kai daji kuma ya kasance yana aske gashin damtse ba tare da an danna ba. Duk kibiyar kabon da ta bugi dutse, ko itace, ko wata kibiya, ka riƙe ta ta ƙarshenta biyu nesa da fuskarka, ka ɗan lanƙwasa ta kana juyawa kana saurare. In ka ji ƙas ko wani ɗan kuka a cikinta, ka karya ta biyu nan take ka jefar, don kada wani ya tsince ta ya mayar da ita cikin kwari.